Na-Baya da Ɗakin da Aka Toshe

A ofishin 'yan kwana-kwana babu mai kiransa da sunansa na gaskiya. Na-Baya suke ce masa, tun daga Oga har mai shara, saboda shi ne mutumin da ake bari a baya. In an kashe gobara, an naɗe mesa, motoci sun juya, 'yan kallo sun watse, sai ya ɗauki gatarinsa da tocila da bokiti ya koma cikin ginin shi kaɗai. Aikinsa ke nan na shekara ashirin da shida, neman wutar da ta yi lamɓo.

Ɗan magini ne. Tun yana yaro yake bin ubansa wurin aiki, yana miƙa bulo yana kwaɓa siminti, don haka ya san cikin gini kamar yadda mahauci ya san cikin dabba. Ya san inda ake barin rami a bango don waya ta wuce, ya san sararin da ke tsakanin silin da kwano, ya kuma san wuraren da magina suke yin ha'inci in mai gida ya juya baya. Uban ya so ya gaje shi. Shi kuwa tun ranar da ya ga jar mota ta wuce da jiniya, mutane rataye a jikinta da hulunan kwano, hankalinsa ya bar cokalin gini. Yana da shekara ashirin da biyu aka ɗauke shi.

Shekara bakwai ya yi a bakin mesa, a sahun gaba. Sai wata rana wani shagon fenti ya kama, ya shiga ya jawo mai shagon da ya sume a bayan kanta, ya shaƙi abin da ya shaƙa. Mako biyu ya yi a asibiti. Da ya fito ƙirjinsa ba ya ɗaukar gudu, hancinsa kuma ya mutu murus. Ba ya jin ƙamshi, ba ya jin wari, ba ya jin ƙauri. Oga na lokacin ya ce a ba shi tebur ya riƙa amsa waya. Wanda ya hana hakan shi ne wani tsohon ma'aikaci da ake kira Kunne-Ɗaya, saboda wuta ta cinye masa kunnen hagu tun yana saurayi.

"Ku ba ni shi," in ji Kunne-Ɗaya. "Hanci ƙarya yake yi a gidan da ya ƙone, ko'ina ƙauri ne. Hannu nake so da kunne. Shi yana da kunne biyu ma, ya fi ni jari."

A wurinsa Na-Baya ya koyi aikin. Kunne-Ɗaya ba ya koyarwa a zaune, sai dai a cikin toka, yana tafe yana magana kamar da kansa yake. Wuta, in ji shi, abu uku take rayuwa da su, abin da za ta ci, da iskar da za ta shaƙa, da zafin jikinta, kuma duk wanda ka ƙwace mata a ciki ta mutu. Ruwa zafin yake ɗaukewa. Yashi da bargo da murfin tukunya numfashi suke toshe mata, shi ya sa ba a zuba wa wutar mai ruwa, sai dai a rufe ta. Ƙofar da aka rufe kuwa ta fi mota guda amfani, don tana tsare wuta a ɗaki ɗaya har taimako ya iso. Ya koya masa taɓa bango da bayan hannu, ba da tafi ba, domin in akwai waya mai rai tafi damƙe ta yake yi, bayan hannu kuwa ja da baya yake. Ya koya masa farke silin ko da ya yi fari tas, da jawo katifa waje a tsaga cikinta, domin garwashi yakan kwana uku a cikin auduga ba wanda ya sani.

"Wadda kake gani ba ita ce abin tsoro ba," yakan ce. "Wannan kowa ya gan ta, kowa ya gudu. Ka ji tsoron wadda ta ga mun zo ta shige bango ta yi shiru."

Kunne-Ɗaya ya rasu shekara biyar bayan haka, a kan gadonsa, aikin ya zama na Na-Baya shi kaɗai.

Ba aiki ba ne da mutane suke rububi. Gidan da ya ƙone yana da irin nasa shirun. Ruwa na ɗiga daga sama, ƙarfe na ƙara yana hucewa, wani lokaci ƙofa ta buɗe da kanta saboda katakon ya saki. Ya sha shiga ɗaki ya tarar da kofuna a jere a kan tebur, kowanne cike da baƙin ruwa, kujeru a ture kamar yanzu aka tashi. Ya sha ganin farin zane a baƙin bango, siffar agogo ko madubin da ya faɗo. Ba ya ba da labarin waɗannan a gida. Abin da abokan aikinsa suka lura da shi kawai, ba ya shiga ɗaki, ko da rufinsa ya zube, sai ya yi sallama. Direban motarsu ya taɓa tsokanarsa ya ce, "To ranar da aka amsa maka fa?" Na-Baya ya ce, "Sai in tambaye su inda wutar take."

A gida kuwa abin dariya ne. Matarsa tela ce, 'yan unguwa suna ce mata Mai-keke, mace mai baki da raha. Takan ce duk garin ita kaɗai ce matar da mijinta bai taɓa cewa girkinta ya ƙone ba. Takan kuma yi ƙorafin cewa zama da shi kamar zama a kurkuku ne, duk ƙofar da ka buɗe kafin ka waiwayo ya rufe ta. Akwai bokitin yashi a bakin kicin ɗinta wanda ta yi shekaru tana tuntuɓe da shi. Ranar da suka fara kai wa babbar 'yarsu ziyara a sabon gidanta, ana cikin gaisawa aka nemi Na-Baya aka rasa, sai ga ƙafafunsa suna reto daga ramin silin. Ya sauko da yanar gizo-gizo a gemu ya gaya wa surukinsa cewa bangon da ke tsakaninsu da maƙwabta bai kai kwano ba, in wuta ta tashi a can ta sama za ta zo musu.

"Baba, ko ruwa ba ka sha ba fa," in ji 'yar, kunya kamar ta nutse.

"A ƙara bulo layi uku," ya ce. "Sannan in sha."

An kuwa ƙara.

Abin da ya sa har yau ake ba da labarinsa ya faru ne yana da shekara hamsin da biyu. Wata ranar Talata da hantsi wuta ta tashi a wani shagon katifa da ke ƙasan wani tsohon bene, a layin 'yan kayan ɗaki. Ginin hawa biyu ne, shaguna uku a ƙasa, ɗakunan haya a sama, irin ginin zamanin da ne wanda daɓen samansa na katako ne a kan manyan gungume. Waya ce ta haɗu a bayan tarin soso. An yanke lantarki, an fitar da mutane, an ja ƙofar ƙarfen da ke tsakanin shagon da na kusa da shi, kafin azahar an gama da ita. Ba wanda ya ji ciwo. Na-Baya ya shiga ya yi aikinsa kamar kullum. Ya jawo katifu waje ya tsaga, ya farke silin ɗin shagon, ya jiƙa gungumen da suka yi baƙi. Ya hau sama ya bi ɗaki huɗu ɗaya bayan ɗaya yana shafa bango da daɓe, ya je ƙarshen lungun da ke tsakanin ɗakunan ya taɓa bangon da ya tare shi. Sanyi ƙalau. Ya ce wa 'yan haya su nemi wurin kwana na 'yan kwanaki har hayaƙi ya fita, ya sa hannu a takarda ya tafi gida.

Ranar Laraba ya wuni ba ya jin daɗin jikinsa, bai san dalili ba. Ranar Alhamis da safe, ranar hutunsa, yana zaune a tsakar gida da kofin shayi, Mai-keke tana auna wani labule tana ƙirga tagogin da za a ɗinka wa da ƙarfi. Sai ya ajiye kofin.

"Biyar," ya ce.

"Huɗu dai. Ni da aka ba aikin ban sani ba?"

"Tagogin benen nan biyar ne ta waje. Ɗaki huɗu na shiga."

Ya tuna ta biyar ɗin sarai, a can ƙarshe, an rufe ta da katako an shafe da baƙin fenti. Ya kuma tuna cewa lungun sama ya ƙare da wuri. Ɗan magini ne, ƙafarsa ta san tsawon gini, kuma lungun ya gaza ginin da taku shida ko bakwai. Ya sa takalmin aikinsa a kan kayan gida, ya ɗauki gatari da tocila. Mai-keke ta bi shi har ƙofa da almakashi a hannu tana cewa ai yau ba aiki, bai ko waiwayo ba.

Layin ya koma harkarsa, ana ciniki ana loda gadaje a kura. Benen ne kawai a rufe, baƙin hayaƙi ya yi masa zane daga ƙofar shagon zuwa sama. Ya hau matakala yana tari. Lungun da duhu duk da rana ta take, ƙofofin 'yan haya duk da kwaɗo. Ya yi sallama kamar yadda ya saba.

Aka amsa.

Ya haska tocila. A ƙarshen lungun wata tsohuwa ce zaune a kan 'yar kujera, ta fuskanci bango, ta ba shi baya. Ta ci ado da kaya masu kyau waɗanda suka sha ninki, har layin ninkin yana nan a jikinsu. Ya gane ta, mai gidan ce, wadda 'yan layin suke kira Iya Mai-bene. Ranar gobarar ya ga an riƙo ta an tsallaka da ita titi.

"Iya, me kike yi a nan? Ai an ce kowa ya fita."

"Rage murya, ɗan nan," ta ce, ba ta juyo ba. "Yana aiki. Ba ya son surutu in yana aiki."

"Wa?"

"Maigidan."

Na-Baya ya matso a hankali ya tsuguna kusa da ita. Yanzu da ya haska da kyau ya ga abin da ya wuce shi ranar Talata. A ƙarƙashin fentin akwai siffar ƙofa, filastar wurin ta ɗan bambanta da sauran. Ya tambaye ta mene ne a bayan bangon, ta gaya masa a nutse, kamar mai ba da labarin abin da ya faru jiya. Mijinta mai ɗaukar hoto ne, nan ne ɗakin aikinsa. Shekara talatin da ɗaya da suka wuce ya rataya kyamararsa ya tafi wani aiki a wani gari, motar da ya shiga ta isa lafiya, shi bai isa ba. An nema har an gaji. Ita kuwa ta koma wuni a ɗakin, ba ci ba magana, har ƙannensa suka ga abin zai taɓa mata hankali, suka kawo magini ya toshe ƙofar da komai a ciki.

"Tun jiya da safe nake jin motsinsa," ta ce. "Ya ja kujera. Ya ajiye wani abu a kan tebur. Ɗazu gilashi ya faɗi masa. Da ma haka yake, hannunsa ba ya riƙe abu."

Na-Baya ya kai bayan hannunsa ga bangon, daidai kafaɗarsa. Ɗumi kaɗan, kamar jikin mutum. Ya sauke hannun zuwa gwiwa, ya fi ɗumi. Ya kai ƙasa kusa da daɓe, ya janye da sauri. A nan ne ya ga wata 'yar tsaga tsakanin bango da katakon daɓe, wani siririn hayaƙi mai ruwan ƙasa yana fitowa ta cikinta, ya tsaya, ya koma ciki, ya sake fitowa. Ɗakin numfashi yake yi. Ya san ma'anar wannan. Wutar ta bi ramin waya daga shagon ta shige gungumen da ke ƙarƙashin ɗakin, kwana biyu tana ci a hankali, ta cinye iskar da ke ciki, yanzu tana jan ta waje ta tsagar nan tana jira.

Ya manna kunnensa a bangon. Ya ji ƙas, ƙas, irin ƙarar katako in yana tsagewa. Ya ji wani abu ya zame ya faɗi. Sannan ya ji wani sauti da har yau bai san inda zai ajiye shi ba, kamar mutum ya yi gyaran murya.

"Ka ji ko?" in ji Iya, tana murmushi.

"Iya, wuta ce a ciki."

"Ku kun kashe wutarku tun shekaranjiya."

"Ba mu kashe ta duka ba. Laifina ne. Ki taimake ni ki sauka ƙasa."

"Shekara talatin da ɗaya ina jira, yanzu ka ce in sauka?"

Bai yi musu da ita ba. Ya fito da waya ya kira Oga, ya gaya masa a taƙaice, ya ce a zo da mota biyu da dogon tsani, kuma kada a yi jiniya a layin. Kafin su iso, mai shagon katifa da wasu 'yan haya biyu da suka zo kwasar kaya suka hau sama, suka ji abin da ake ciki. Mai katifa ya ruga ya dawo da babbar guduma, yana cewa a fasa bangon yanzu a watsa ruwa kafin ta cinye masa abin da ya rage. Har ya ɗaga. Na-Baya, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya riƙe ƙotar gudumar ya daka masa tsawa.

"Ka fasa bangon nan, ka ba ta iska, wallahi ko matakala ba za mu kai ba! Yunwar iska take yi. Bangon nan shi ne ya riƙe ta kwana biyu, shi ya sa kake da shagon da za ka yi wa kuka."

Mai katifa ya sauke gudumar. Na-Baya ya sa suka rufe tagar da ke bakin matakala, ya jiƙa buhu ya toshe tsagar ƙasa, ya tura ɗaya ya gaya wa masu shagunan kusa su fitar da mutanensu ba tare da ihu ba. Iya tana zaune tana kallonsu kamar yara ne suke wasa a gabanta. Da ƙyar 'yar ƙanwarta, wadda aka kira daga kasuwa, ta lallashe ta ta koma bakin matakala. Daga nan ta ce ko taku ɗaya ba za ta ƙara ba.

Da motocin suka iso, aka ja mesa ɗaya sama, ɗaya cikin shagon. Na-Baya ya ɗauki ƙarfe mai tsini ya huda bangon daidai fuskarsa, rami ɗaya wanda bai fi bakin kofi ba, mai riƙe da mesa yana tsaye a bayansa a shirye. Hayaƙi mai zafi ya feso, ya kauce ya bar shi ya rage. Sannan ya kara tocila a gefen ramin ya leƙa da ido ɗaya.

Fuskoki ya gani. Bangon da ke fuskantarsa cike yake da su tun daga ƙasa har sama, ɗaruruwa, maza da mata da jarirai, duk sun zuba wa ramin ido ta cikin hayaƙi. Sai da gabansa ya faɗi kafin hankalinsa ya gaya masa hotuna ne. Na layin ƙasa sun riga sun yi baƙi. Yana kallo wani hoto na wata mata da yaro a cinyarta ya kumbura, fuskar ta tashi kamar ƙurji, ta naɗe, ta zama toka, ba tare da ko harshen wuta ɗaya ba. Na kusa da shi ya fara. A tsakiyar ɗakin akwai kujera mai hannu, ta karkata gefe guda saboda ƙafarta ɗaya ta nutse a daɓen da ya cinye, an rataya wata riga a bayanta, kafaɗun rigar a cike kamar da mutum a ciki. A ƙarƙashin kujerar daɓen ja ne, yana haske yana dusashewa.

"Me ka gani?" in ji Oga.

"Mutane," ya ce, sannan ya gyara. "Hotuna. Ku ba ta ruwa, feshi, a sama. Kada ku buga da ƙarfi."

Aka zura bakin mesa ta ramin aka saki feshi mai laushi, don ruwan ya zama tururi ya cika ɗakin ya shaƙe ta. Wasu biyu suka hau tsani ta waje, sai da Na-Baya ya ce zafin ya sauka sannan suka ɓalle katako ɗaya a saman baƙar tagar don hayaƙi ya sami hanya. Na ƙasa kuma suka farke sauran silin ɗin shagon har ƙarshe, suka tarar da gungume biyu sun zama gawayi ta ciki, ta waje kuwa lafiya lau. Awa uku ana wannan. Sai da la'asar, da bayan hannunsa ya bi bangon daga sama har ƙasa bai ji komai ba, sannan ya karɓi gudumar mai katifa ya buɗe ƙofar da kansa.

A kusurwar ɗakin suka tarar da kabad na ƙarfe, fentinsa ya kumbura, cike da gwangwanayen tsohon fim. Oga ya daɗe yana kallon gwangwanayen. Ya ce irin wannan fim ɗin in ya kama da wuta, ruwa ba ya kashe shi, da wutar ta ƙara rabin yini da layin nan gaba ɗaya ya tafi. Aka fitar da gwangwanayen ɗaya-ɗaya a cikin bokitin ruwa.

Iya ta ce sai ta shiga. Oga ya ce daɓen ba zai ɗauke ta ba. Na-Baya ya shimfiɗa katako biyu daga bakin ƙofa, ya riƙe hannunta, suka taka tare. Ta tsaya a tsakiyar ɗakin, ruwa na ɗiga a kan kayan adonta. Ta dubi teburin, ta dubi hotunan, ta dubi bayan ƙofa. Ta miƙa hannu ta taɓa kafaɗar rigar da ke kan kujera, wurin ya ruguje a yatsunta.

"Ba ya nan," ta ce.

"Ba ya nan, Iya."

"To wa ya ja kujerar?"

Ya nuna mata ƙafar da ta nutse. Ya nuna mata hotunan da igiyarsu ta ƙone suka faɗo a kan tebur, da gilashin da ya tarwatse a ƙasa. Tana bin hannunsa da ido tana gyaɗa kai, kamar ɗalibar da ake yi wa bayani. Da ya gama ta ɗago ta dube shi.

"Tarin fa? Kai ma ka ji shi. Na ga fuskarka."

Na-Baya ya buɗe baki zai ce iska ce take wucewa ta tsaga, ko tururi ne a cikin katako. Duka biyun suna iya zama gaskiya. Amma shekara da shekaru yana sauraron gine-gine, bai taɓa jin katako ya yi irin wannan ba, kuma bai iya yi wa tsohuwa ƙarya ba.

"Na ji, Iya," ya ce. "Ban san ko mene ne ba."

Ta gyaɗa kai, kamar wannan amsar ta fi sauran gamsar da ita. Ta ce ya fitar da ita.

Washegari ya rubuta da hannunsa cewa shi ne ya bar ɗaki guda bai duba ba. Oga ya karanta ya ce ba mahalukin da zai zarge shi da rashin ganin ƙofar da babu ita. Na-Baya ya ce a dai ajiye takardar. Tun daga ranar, kafin ya shiga kowane gini sai ya zagaya shi ta waje yana ƙirga tagogi da yatsa, kuma duk sabon ma'aikacin da aka kawo sai an koya masa haka.

Hotunan da suka tsira sun fi ɗari biyu. 'Yar ƙanwar Iya ta ɗaura igiyoyi a gaban benen ta shanya su, sai ga layin ya cika da mutane. Da ma yawancinsu hotunan da aka ɗauka ne ba a dawo an karɓa ba. Wani mai gyaran rediyo ya ga uwarsa tana budurwa, ya zauna a bakin kwata ya yi ta kuka, ga furfura a kansa. Wata mata ta ga yayanta da ya rasu ba su da hotonsa ko ɗaya. Iya tana zaune a kujerarta, duk wanda ya gane nasa sai ta ce ya ɗauka. Ba ta ƙara hawa saman ba. Ta koma gidan 'yar ƙanwar tata, ana cewa ta fi da sakin jiki, har tana zama cikin mutane ana hira da ita. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni ta rasu.

Na-Baya ya ƙara shekara uku a aiki, sannan ƙirjin ya ce ya isa. Yanzu yana gida. Makarantu biyu da wani asibiti suna kiransa lokaci-lokaci ya duba musu tukwanen kashe gobara, ya girgiza su, ya karanta allurarsu, ya yi faɗa in ya ga an tokare ƙofar matakala da dutse.

Bayan rasuwar Iya da mako biyu, 'yar ƙanwarta ta zo gidansa da ambulan. Hotuna goma sha ɗaya ne waɗanda ba wanda ya gane, Iya ta ce a kai wa mutumin nan mai sallama. Mai-keke ta ce ba za ta kwana ɗaki ɗaya da baƙin da ba ta san asalinsu ba, don haka suna cikin wani akwatin ƙarfe a ɗakin ɗinkinta, a saman kabad. In baƙo mai shekaru ya zo gidan, bayan an gaisa an sha ruwa, Na-Baya yakan sauko da akwatin ya baje su a kan tebur ya ce a duba ko akwai wanda aka sani. Yawanci a kan duba a girgiza kai. Bara wata mata ta kawo ɗinkin kayan makarantar jikokinta, ta ɗauki hoton wani mutum mai tabarau da ke tsaye kusa da keke, ta daɗe tana kallo, ta ce wannan ai malaminsu ne na aji uku, kuma ta san inda 'yarsa take aure. Na-Baya ya sa hularsa a take, ya ce ta raka shi.